Hutun Khairiyya a Duwala

Ruwa bai ɗauke ba tun asuba. Khairiyya na zaune bakin taga a gidan Goggonta Mardiya, cikin unguwar Hausawa ta New Bell, tana kallon kwata ta cika ta tumbatsa tana kwaso ɓawon ayaba har ƙofar gida.

Hutu aka ce ta zo yi. Mako biyu kacal, in ji mahaifinta Malam Idirisu, ranar da ya raka ta filin jirgi a Kano.

"Ki je ki ga dangi, ki ga teku, ki huta da karatu."

Ta yi murna ƙwarai, duk da tsiyar da ƙawayenta na jami'a a Zariya suka yi mata. "Mutane na tafiya Jidda da Landan, ke kin tashi sai Kamaru? Wa ya san wani gari wai shi Duwala?"

Sai da ta sauka ta gane gadar zare aka yi mata. Goggo ta karɓi fasfonta wai don kada ya ɓace, ta kulle a akwatin ƙarfe, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Makonnin suka wuce, wata ya mutu wani ya kama, ba wanda ya sake tayar da zancen komawa.

Laifinta guda ɗaya ne, Zakari. Tare suka fara jami'a, sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne da tsohuwar roka. Ya ajiye karatu ya kama sitiyari. Malam Idirisu kuwa ya rantse, muddin yana numfashi 'yarsa ba za ta auri direban babbar mota ba.

Garin da aka kawo ta ma a kulle yake. Shekarar ce ta rikicin siyasa, wadda mutanen Duwala ke kira mataccen gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba ofis. Samari na tare hanya suna ƙona taya, jandarmomi na bin su da kulake. Asabar da Lahadi kaɗai ake buɗe kasuwa mutane su sayi abin da za su ci.

"Khairiyya, har yanzu kina wurin nan?"

Ta juyo. Affan ne, ɗan Goggo, tsaye da lema tana ɗiga. Dogo ne, mai tsabta, ko a cikin wannan taɓon takalminsa na sheƙi. Aikinsa fitar da kayan 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa, amma tun da gari ya mutu yini yake yi a gida.

"Ina za ni, Yaya Affan? Ko ƙofa ba a bari na leƙa."

Ya jawo kujera ya zauna nesa da ita kaɗan.

"Na gasa miki kifi a wurin matar nan ta bayan masallaci. Jiya ma ba ki ci komai ba. Ça ne va pas, wannan ba daidai ba ne."

"Na ƙoshi."

"Da me kika ƙoshi? Da kuka?"

Ya daɗe yana juya zoben azurfar da ke hannunsa kafin ya ce, "Kin san abin da Kawu Idirisu ya ce wa Maman, wai a haɗa mu aure. Ni ban roƙa ba, amma ba zan ɓoye miki ba, da na ji na yi farin ciki. Tun ranar da na ɗauko ki a filin jirgi ban sake samun barci mai daɗi ba. Ina da aiki, ina da fili a unguwar Bepanda. Rikicin nan zai wuce. Me na rasa, Khairiyya?"

"Ba ka rasa komai ba, Yaya. Wallahi duk wadda ta same ka ta yi dace." Muryarta ta karye. "Ni ce ba ni da abin da zan ba ka. An riga ka."

Ya miƙe a hankali, ya ajiye ƙunshin kifin a kan tebur, ya fita bai ɗauki lemarsa ba.

Bai jima da fita ba Goggo Mardiya ta ɗaga labule. Ashe duk ta ji.

"Ke dai anya kanki ɗaya? Yaro kamar Affan, 'yan matan unguwar nan na rububinsa, ke kina wulaƙanta shi saboda ɗan tasha?"

Khairiyya ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafunta.

"Goggo, ki dubi girman Allah ki ba ni fasfona. An kusa komawa makaranta. Ba zan gudu wurin kowa ba, gida kawai nake so. Numfashi nake kasawa a ɗakin nan, Goggo!"

Tsohuwar ta tsaya ƙiƙam. Can sai ta zauna a bakin gado, ta ɗago fuskar yarinyar da hannayenta biyu.

"Dube ni da kyau. Kin san abin da ya kawo ni garin nan?"

Khairiyya ta girgiza kai.

"Direba ne. Baban Affan. Goro yake kaiwa Zariya ya gan ni. Kakanki ya hana, uwata ta yi kuka har idonta ya kumbura, na ce ni sai shi. Ya kawo ni nan, ban san kowa ba, ban iya yarensu ba. Ya ajiye ni a ɗakin nan, shi yana hanya. In ya kwana biyu a gida to motar ce ta lalace. Affan na goye aka zo aka ce mini motarsa ta faɗa rami a hawan Ngaundare. Ko gawarsa ban gani ba."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Uwata ta rasu ban sani ba sai bayan an yi arba'in. Ƙosai na soya a bakin titi na raini yaron nan. So gaskiya ne, 'yata, ban ce ƙarya ba ne. Amma hanya ba ta bar wa mace miji. Gara ki tsane ni yau da ki zama ni gobe."

"Goggo, kin yi nadamar aurensa?"

Goggo Mardiya ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"Gobe Asabar. Ki shirya ki raka ni Sandaga, albasarmu ta ƙare."

*

Kasuwar Sandaga ta cika maƙil, kowa na sauri kamar ana korarsa. Taɓo har idon sawu. 'Yan dako na ihu da buhuna a ka, mata na ciniki da Faransanci da Fulatanci da Hausa a cakuɗe. Khairiyya na bin bayan Goggo da kwando, ranta ya ɗan yi sanyi don ko ba komai yau ta ga sararin sama.

Goggo ta tsaya wurin wata mai manja suna ja-in-ja. Khairiyya ta matsa gaba kaɗan inda manyan motocin arewa ke sauke albasa.

"Hajiya, a zo a ga ta Marwa, mai kyau ce."

Kwandon ya suɓuce daga hannunta. Ko a cikin barci ta san muryar nan.

Yana tsaye a bayan wata mota, buhu a kafaɗa, riga duk jar ƙasa. Ya rame, ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa. Amma murmushin na nan yadda ta san shi.

"Zakari!"

"Yi a hankali, Khairi. Zo ta nan."

Ta zagaya bayan motar. Ta so ta yi magana, kuka ya ci ƙarfinta.

"Haba, ki daina. Na keto duniya don in ga fuskarki, sai ki tare ni da hawaye?"

"Ta yaya ka zo? Wa ya gaya maka inda nake?"

"Ƙanwarki ce ta tausaya mini. Na bar wa ƙanena motata a Yola, na tsallaka Garwa, na roƙi mai wannan motar ya ɗauke ni ina taya shi tuƙi. Hanya ba daɗi, Khairi. Mun kwana a daji, an fasa mana gilashi a wani gari. Amma ga ni."

"Da takardu ka shigo?"

Ya sosa ƙeya. "Wace takarda? Da na tsaya neman takarda da har yanzu ina Yola."

"Innalillahi! Zakari, ka san halin da garin nan yake ciki kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa ba zan daɗe ba. Gobe bayan la'asar motar nan za ta juya arewa. Akwai wuri a gaba. Ba cewa na yi mu gudu mu yi abin kunya ba, Allah ya kiyaye. Gidanku zan kai ki, har gaban Malam, in durƙusa in ce ga amanarka na dawo maka da ita. In ya so ya yanka ni."

"Fasfona na hannun Goggo."

"Ni da me na shigo?"

Ta dube shi. Gida. Mahaifiyarta, makaranta, Zakari a gefenta tsawon hanya. Sai kuma fuskar Goggo ta faɗo mata, da hawayen jiya.

"Ba ni lokaci in yi tunani, don Allah."

"Khairi, ni tunanina ya ƙare tun a..."

Bai ƙarasa ba. Wani usur ya tsaga kasuwar, sai ihu ta ko'ina.

"Kale-kale! Kale-kale!"

Kamen jama'a ke nan a bakin mutanen Duwala. Motocin jandarmomi suka toshe bakin kasuwa. Mutane suka watse, tumatir da barkono suka zube cikin taɓo, wata mata ta faɗi da goyonta. Duk namijin da aka cimma sai a ce, "Papiers!" Wanda bai nuna takardunsa ba, a zaunar da shi a ƙasa.

Zakari ya tura ta tsakanin buhuna.

"Tsaya nan, kada ki motsa!"

Da ya bi ta ƙarƙashin mota da ya tsira. Amma ya ga wani jandarma ya nufo inda take, sai ya fito fili ya ɗaga hannuwansa don a bar ta.

Tana gani aka buga masa gindin bindiga a kafaɗa. Tana gani aka jefa shi cikin mota tare da wasu. Ta ƙwalla kiran sunansa, wani hannu ya toshe mata baki ta baya.

Goggo Mardiya ce.

"Rufe mini baki, mu tafi! So kike a haɗa da ke?"

*

Ko mayafi ba ta cire ba ta faɗa ɗakin Affan. Yana zaune yana sauraron rediyo. Ta durƙusa a gabansa, taɓo na ɗiga daga zaninta.

"Yaya Affan, ka taimake ni. Ba ni da kowa sai kai."

Goggo ce ta yi masa bayani daga bakin ƙofa, a taƙaice, fuskarta a ɗaure. Ya kashe rediyon.

"Wato har nan ya biyo ki."

"Bai san kowa ba, ba ya jin Faransanci. Kai ka san mutane, Yaya."

"Kin san abin da ake yi wa baƙon da aka kama ba takarda a wannan lokacin? Cewa za a yi hayarsa aka yi ya zo ƙona gari. Duk wanda ya kai Litinin a hannunsu, gidan yari za a wuce da shi. Wanda ya shiga can kuwa, sai dai addu'a."

Khairiyya ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

"Akwai wanda muka yi makaranta tare a ofishin jandarmomin," in ji Affan. "In na tsaya masa, na sa sunana, za su sake shi. Amma ki sani, in ya sake yin wani abu a garin nan, ni za a kama. Aikina zai tafi."

"Ba zai yi ba, na yi maka alkawari!"

"Alkawarinki ba shi nake so ba. Sharaɗi gare ni." Ya kau da kai daga kallonta. "Daga can sai cikin motarsu. Ba zai zo gidan nan ba, ba za ki je wurinsa ba. Ya koma ƙasarsu, ke kuma ki cire shi daga ranki. Ban ce ki aure ni ba, ba na son matar da aka jawo mini da igiya. Amma ni ma mutum ne, Khairiyya. Ba zan sa wuyana in fito da shi don in zauna ina kallo ya tafi da ke ba."



Khairiyya ta dubi Goggo. Goggo ta sunkuyar da kai.

"Na yarda," ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Ka fito da shi kawai."

Affan ya sa rigarsa ya fita.

Yinin nan Khairiyya ba ta zauna ba. Daga taga sai ƙofa, daga ƙofa sai sallaya. Goggo ta kawo mata kunu ta ajiye, ta dawo ta tarar ya huce ba a taɓa ba, ta ɗauke.

Ana kiran la'asar Affan ya dawo, jiƙe sharkaf. Shi kaɗai.

"Ina yake? Sun hana?"

"Sun yarda." Ya zauna a kan dakali yana cire takalmi. "Shi ne ya ƙi fitowa."

"Ya ƙi?"

"Ya tambaye ni ko ni wane ne, na gaya masa. Ya tambayi abin da ya sa nake taimakonsa, na gaya masa gaskiya, har da sharaɗin. Sai ya koma ya zauna a ƙasa. Ya ce in dai da wannan ne, a bar shi a ciki. Ya ce ba zai yarda kin rabu da shi ba sai ya ji daga bakinki." Affan ya yi wata dariya marar daɗi. "Il est fou. Mahaukaci ne mutumin nan naki."

Khairiyya ta jingina da bango.

Goggo Mardiya ta matso ta dafa ta. A karo na farko tun zuwanta, muryar tsohuwar ta yi laushi.

"In kina son sa da rai, ki je ki gaya masa abin da zai sa ya tafi. Ko ƙarya ce, ki yi masa ita. Uwarsa na can tana jiransa, da marayun ƙannensa."

*

Washegari Lahadi da hantsi suka tafi su uku. Titi duk baƙin tokar taya, ruwa na wanke ta zuwa kwata. Khairiyya na tafe tana maimaita kalmomin a zuciyarta kamar mai hadda.

A ofishin jandarmomin mata sun yi cincirindo a bakin ƙofa da kwanonin abinci, kowace na kiran sunan nata. Affan ya yi magana da wani mai anini a kafaɗa, aka buɗe musu. Goggo ta tsaya a waje.

Warin wurin ne ya fara tarbarta. Ɗaki ne ƙarami mai ƙofar ƙarfe, an cusa maza a ciki kamar buhunan gawayi. Aka kira sunansa. Ya taso da ƙyar yana dafe kafaɗa, leɓensa a fashe. Da ya gan ta sai fuskarsa ta washe.

"Na san za ki zo."

Ta kafe idonta a kan ƙasa. In ta dube shi ba za ta iya ba.

"Zakari, na zo ne in gaya maka ka tafi gida."

"Tare da ke."

"Kai kaɗai. Na yi tunani. Baba ya fi ni gaskiya. Ba zan iya zaman jiran miji yana hanya ba. Na... na samu wanda ya fi dacewa da ni a nan."

"Shi ne wannan?" Ya nuna Affan da haɓa.

"Shi ne."

"Kina son sa?"

"Eh."

"Ni fa?"

"Na daina."

Zakari ya matso ya kama sandunan ƙarfen da hannu biyu.

"Ɗago ki dube ni, Khairi."

Ta ɗago. Hawaye sun riga sun tona mata asiri.

"Tun da na san ki ban taɓa jin kin rantse a kan ƙarya ba. Ko da wasa. To ki rantse. Ki ce wallahi ba kya so na. In kin faɗa, yanzun nan zan fito, in shiga mota, ba za ki sake ganina ba har abada. Na yi miki wannan alkawarin."

"Zakari, don Allah kada ka yi mini haka. Gobe gidan yari za su kai ka!"

"Na sani. Ki rantse."

"Ka tuna da Innarka! Ka tuna da ƙannenka!"

"Ina tune da su. Kalma ɗaya ce, Khairi."

Jandarman da ke tsaye ya buga kulkinsa a jikin ƙofa, ya nuna agogo. Affan ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Ki faɗa mu tafi. Mutumina zai tashi daga aiki da azahar, bayan shi ba ni da kowa a nan."

Ta runtse ido. Ga ran Zakari a tafin hannunta, ga sunan Ubangiji a bakinta.

"Wallahi..." ta fara.

Zakari bai ƙifta ba. Affan ya riƙe numfashinsa.

"Wallahi tallahi ina son ka, Zakari! Ban taɓa dainawa ba, ba kuma zan daina ba. Allah ka gani, na kasa!"

Ta sulale ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita. Zakari ya jingina goshinsa da ƙarfen, hawaye na zuba, yana murmushi.

Affan ya tsaya yana kallonsu. Fuskarsa ba fushi, ba komai, kamar wanda aka zare wa laka. Mai aninin ya sa aka buɗe ƙofar, ya miƙo masa biro, ya tambaye shi da Faransanci ko zai sa hannu a takardar sakin Zakari.

Affan ya dubi biron. Ya dubi Khairiyya a ƙasa.

Sai ya juya, ya ratsa matan da ke bakin ƙofa, ya wuce mahaifiyarsa tana kiran sunansa, ya shiga cikin ruwan sama bai waiwayo ba.

Jandarman ya ɗaga kafaɗa, ya tura Zakari ciki, ya murɗa makulli.